Tunkuzar da Ban Zubar Ba

Laifina ne, gara in faɗa tun da wuri. Inna ta ba ni ƙwaryar tunkuzar gyada da damina ta lalata, duk ta yi fumfuna, ta ce in kai juji. Jujin yana can bayan unguwa, ni kuma 'yan ƙwallo suna jirana. Na dubi karenmu, shi ma ya dube ni, muka gama magana ba wanda ya buɗe baki. Kwana uku yana shan biki a bayan rumbu.

Inna man gyada da ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwar Garwa. Baba kuma dako yake yi a tashar jirgin ruwa, lokacin da Binuwai ke cika jirage su zo kwasar auduga. A can ya tsinto karen yana ɗan mitsitsi, ya kawo shi gida a cikin hula. Bai taɓa samun suna ba, fito kawai ake masa. Kullum da la'asar yakan je bakin hanya ya tarbi Baba, yana kaɗa wutsiya kamar zai tashi sama.

Sai ga shi ya daina fita. Ya ƙi tuwo, ya ƙi ƙashi, kare da ko takalmina bai bari ba. Idanunsa suka koma kalar ɗorawa, ciki ya kumbura kamar ganga. Inna ta ce ciwon shawara ne. Ni na yi tsit, har ina taya su mamaki.

Likitan karnuka, aka ce, sai Yawunde, inda karnukan Turawa ke da katin asibiti. Sai ka sha mota har Ngaundere, sannan jirgin ƙasa. Baba ya ce shi kansa bai taɓa zuwa ba, kare ba zai riga shi ba. Muka ɗora shi a amalanke muka tura zuwa kasuwar shanu, wajen likitan dabbobi.

Fulani na layi da bijimai, mu muna layi da kare. Wani dattijo ya leƙa amalanken ya faɗi wata magana da Fulatanci, layin duka ya ɗauki dariya. Likitan, wani dogo mai tabarau, ya ce, "Baba, ni ƙaramin majinyacina maraƙi ne. Amma kawo shi." Ya ɗaga leɓen karen ya duba dasashi, ya matsa cikinsa, karen ya yi ƙara.

"Abu biyu ke kawo wannan," in ji shi. "Ko zazzaɓin kaska, ko ya ci abin da ya taɓa hanta. Ba ni da na'urar da za ta raba mini. In kaska ce, ina da allura. In hanta ce, allurar nan ita za ta ƙarasa shi. Me ya ci?"

"Abin da muke ci," in ji Baba.

Likitan ya ɗauko sirinjin shanu, wallahi ya kai taɓaryar Inna. Ya fara zuƙo magani. Na dubi hannun Baba, hannun da ke ɗaga buhun auduga kamar matashin kai, na dubi karen. Wannan karon ma ya dube ni.

"Tunkuza ya ci," na ce. Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. "Mai fumfuna. Ƙwarya guda."

Likitan ya ajiye sirinjin. 

"Kai ne likitan farko ke nan," in ji mai tabarau. "To kai za ka yi jinya. Ba mai, ba kitse, ba ƙashi. Shinkafa fara da ɗan kifi, kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta. Sauran sai Allah."

A hanya ni kaɗai na tura amalanken. Sai da muka kusa gida Baba ya ce, "Da ka yi shiru, da ban yafe ba." Daga nan ya murɗe mini kunne, har yau na hagu ya fi tsawo.

Wata guda ina dafa wa kare shinkafa safe da yamma, ina ba shi da hannu. Baba na zaune da tuwon dawa yana cewa, "Ranka ya daɗe gwamna, an ƙoshi?" Inna kuwa ta ɗora mini dakan gyada har kaka, kuma kowace shara sai ta raka ni juji da ido.

Ranar da jirgin ƙarshe na shekarar ya tashi, karen ya lallaɓa har bakin hanya ya tarbi Baba. Bai sake yin ƙiba ba. Ya ƙara damina biyu, ya mutu a gindin mangwaron gidanmu. Ko hanta ce ko ba ita ba, ba wanda ya taɓa tabbatar mana.