Kawu Garba Yi-in-gani

Ku da kuka san Kawu Garba, kun san ba a ce masa "na iya" a zauna lafiya. Ko ɗaurin akuya ka ce ka iya, sai ya ajiye buhunsa, ya gyara zama, ya ce, "To, yi in gani." Shekara talatin yana koya wa malamai dabarun koyarwa a Argungu, har sunan ya bi shi. Buhun kuwa wai kayan aiki ne: murafen kwalba, karan dawa, tsohuwar ƙwarya, da gwangwanin madara cike da guntayen allin da wasu suka yar. A wurinsa alli ba ya ƙarewa sai yatsa ya fara goge allo!

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ɗalibinsa, kun ga na sha ta gida na sha ta makaranta. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyar, don haka tun ina saurayi ya ɗora mini wani nauyi. "Sani, ran da nim mutu, kai za ka yi min wanka." Ni kuwa ko makara na hango sai na sake hanya. Na ce to, a zuci ina roƙon Allah ya ja kwana.

Da aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare a Augie, shi ya zo duba ni. Bai zauna a kujerar baƙi ba, ya kutsa cikin yara ya zauna kan tabarma. Darasina dashen albasa. Ku ji fa, 'ya'yan manoman albasa! Minti arba'in ina karanto musu daga littafi, gumi na zuba, na ƙarasa da, "Kun gane?"

"Eee, Malam!"

Sai Kawu ya miƙe. "Yara, albasa bisa icce taka hita, da tsani aka hawa a tsinko ta. Kun gane?"

"Eee, Malam!"

Ya juyo gare ni. "Ka ji? Ni ma sun gane ni."

Ya zaro ƙwaryar nan, ya sa aka cika ta da ƙasa, ya miƙa wa wata yarinya iri. Kafin in ajiye allina ta dasa, ta danne gindin da yatsa, ta fi littafina iyawa. A waje ya ce mini, "Kahin ka buɗe baki, tambayi kanka, in an tashi mi za su iya yi da hannunsu? In ba ka sani ba, zamna gida." Ya kayar da ni warwas. Mahaifiyata ta je roƙo, ya ce mata, "Sai ya sake, ko ke kiz zaka da alli." Wata guda ba ta gaishe shi ba.

Akwai kuma taron bitar da aka yi a Birnin Kebbi. Wani baƙo ya zo da majigi, awa uku yana bayanin cewa malami ya rage surutu ya bar ɗalibi ya yi aiki. Mun yi gyangyaɗi har mun gaji. Ana haka aka ɗauke wuta, sai muryar Kawu daga baya: "Alhamdu lillahi! Yanzu a hwara karatu." Ya kwance buhu, ya raba mu huɗu-huɗu. Baƙon nan da murafen kwalba a aljihu ya koma gida.

Bayan ya yi ritaya, wata Asabar da hantsi ya aiko in zo gidansa a Gwadangaji. Na tarar da shi a soro, ga buta, ga ganyen magarya, ga wani dogon matashin kai a kan tabarma.

"Ka iya wankan gawa?"

"Na karanta a littafi, Kawu."

"Kamar darasin albasa ke nan. Zamna."

Ranar shi ya yi wa matashin wanka ina kallo. Asabar ta biyu muka yi tare. Ta uku na zo ban ga matashin ba, sai Kawu da kansa a miƙe, ya lulluɓa da zane.

"Ga gawa. Yi in gani."

"Kawu, don Allah!"

"Gawa ba ta jin roƙo."

Na fara. Daga ƙarƙashin zane aka ce, "Dama kahin hagu!" Na gyara. Aka ce, "A hankali da cikin, na ci tuwo!" Na ce, "Kawu, ai gawa ba ta magana." Aka ce, "Wagga gawa malamar makaranta ce." Sai ga matarsa, Inna Kulu, ta leƙo da kwanon fura. Ta saki kwanon, ta saki salati. Gawa ta tashi zaune ta ce, "Kulu, kin ɓata muna darasi, kin kuma ɓarar da hura."

Asabar shida muka yi, har sai da na yi daga farko zuwa ƙarshe bai ce uffan ba. Bai yabe ni ba, kun san shi. Cewa ya yi, "Ba laihi."

Bara da damina, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Liman ya tambaya wa zai yi wanka, na ji bakina ya ce ni ne. Na shiga soron nan, na rufe ƙofa. Wallahi tsoron da nake ji tun ƙuruciya bai shiga tare da ni ba. Hannuna ya san inda zai fara: tsumma, alwala, dama kafin hagu, magarya, kafur a ƙarshe. Sai dai duk gaɓar da na gama, nakan ɗan dakata, ina jiran a gyara mini daga ƙarƙashin zane. Ba a gyara ba. A nan ne kuka ya zo mini.

Kawu, na yi, ban sani ba ko ka gani. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya, ya sa abin da ka koya wa hannuwanmu ya bi ka da lada. Amin.