Lambar Doha Kaɗai Ta Haddace

Shekarun baya, lokacin ina aikin gadi a Doha, ɗaki ɗaya muke zaune a Bin Omran da wani abokina ɗan Indiya mai bin addinin Hindu. Ya daɗe yana tara hutu don ya kai mahaifiyarsa babban taronsu na wankan ibada a kogi. Ya ce min jirgin ƙasa har bakin ƙofa yake cika, motoci kuma tun daga nesa ake tare su, sauran tafiyar a ƙasa. Na ce masa ai Mina ke nan, ya dai riƙe tsohuwa da kyau. Ya tafi ya bar min wayarsa ta Doha.

Ran nan da hantsi wayar ta hau ƙara. Na share, ta ƙi yin shiru. Ina ɗauka sai muryar tsohuwarsa tana kuka tana kiran sunansa, bayanta hayaniya kamar ranar kasuwa. Ashe turmutsutsu ne ya raba su, ita kuma duk duniya lambar Doha kaɗai ta haddace, wani mai tausayi ya kira mata.

Ni kuwa a yarensu "shayi" kawai na iya. Haka na fito ba takalmi, ina ta "Mama yi haƙuri" da Hausa kamar za ta ji. Mai shayin ƙasan gidanmu ya saurara ya girgiza kai, wai shi mutumin kudancin Indiya ne, yarensu daban. Wallahi saura kaɗan na rufe bawan Allah da faɗa. Sai wani mai aski ɗan Nepal da ke jin yarenta ya karɓa, ya roƙi wanda ya kira mata ya kai ta tantin da ake cigiyar ɓatattu da lasifika, ta zauna kada ta motsa.

Saura abokina. Na kira layinsa na Indiya har yatsana ya gaji, ba ya shiga saboda yawan jama'a, sai na tura masa saƙon inda take. Abinci ya gagare ni. Tsoro nake ji sosai, kada a tattake matar nan alhali muryata ce ta ƙarshe da ta ji, kuma ba ta gane ko kalma ba.

Sai bayan la'asar saƙona ya isa. Can ya kira, muryarsa a dishe.

"Ɗan'uwa, na gan ta."

Wai ya tarar da ita zaune a tantin, ta tare shi da faɗan shi ne ya ɓata.

Har yau in na ga tsohuwa ita kaɗai cikin taro sai jikina ya yi sanyi. Bara da mahaifiyata za ta aikin Hajji, ta ce kada na damu, ai ta haddace lambata tsaf. Na ce a'a Inna, ba tawa ba. Ban bar ta ta kwanta ba sai da ta iya ta ƙanina, wanda zai riƙe mata hannu.