Kalangu a Layin Ƙasa

A shekarun da ake kwaso ma'aikatu daga Legas ana zubewa a Abuja, ni ma aka kwaso ni tare da kabad-kabad da tsofaffin tafiretoci. Aikina buga takardu ne a sashen al'adu na wata ma'aikata. Ina zaune a Nyanya wajen yayar mahaifiyata, kullum da sassafe ina matse a kujerar bas da littafin soyayya a cinya. Cunkoson hanyar nan kan ishe ni in karance guda ɗaya kafin mu shiga gari, wani lokaci har in share hawaye da gefen gyale.

Shi ya sa ranar da aka kawo mana sabon ma'aikaci na gane shi tun kafin ya yi sallama. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ga siririn saje, ga farar shadda da ta sha bugu, ƙamshin turarensa kuwa sai ya riga shi shigowa. Irinsa ne ke fitowa daga mota a shafi na uku. Aka ce kwamfuta ya karanto a ƙasar waje, kowa Injiniya yake ce masa. Kafin la'asar ta ranar na riga na zaɓa mana launin labulen falo.

Abu ɗaya na ɓoye wa kowa a ofis. Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta, a garinmu. A takardar ɗaukar aiki "ɗan kasuwa" na rubuta. Na san yadda mutanen ofis suke da makaɗi: su taka rawa da kiɗansa har hula ta faɗi, amma ba sa zuwa gidansa neman aure. Ni kuwa so nake Injiniya ya zo.

Daraktanmu yana neman abin da zai nuna wa minista in ya zo duba sabon ofis. Injiniya ya ce zai haɗa manhajar kiɗa: a ɗauko sautin gangunanmu daga kaset a zuba a kwamfuta, duk madannin da ka taɓa a kibod ganga ta amsa. Wannan kam ya iya, ban rage masa ba. Saura tambaya ɗaya, wace ganga za ta zauna a wane madanni. Yaro ɗan shekara goma da ya taɓa buga gwangwani zai ce a kira makaɗi a tambaye shi. Mu kuwa ma'aikata ce, sai aka kafa kwamiti.

Zama uku aka yi, da shayi da biskit, ni ce mai rubuta bayanin taro. Darakta ya gyara babbar riga ya ce, "Tambari kiɗan sarauta ne. Ba zai zauna layi ɗaya da gangar noma ba. Komai akwai tsari."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya, yana rubutawa kamar an saukar da wahayi.

Haka aka jera su yadda ake jera manya a babban teburi. Tambari ya samu lamba ɗaya a layin sama, taushi da kotso da jauje suka bi shi. An shafe rabin sa'a ana gardamar ko kotso ya girmi jauje, a tsakanin mutanen da ko a hoto ba za su bambance su ba. Gangar noma ta samu layi na biyu. Kalangu kuwa, na mahauta da 'yan mata, aka jefa shi can layin ƙasa, kusurwar hagu. Injiniya ya yanka muryar kalangun gida uku, ƙasa da tsakiya da sama, ya ba kowace madanni guda, a ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsa da maƙwabtansa, yatsun da ko mu masu tafireta sai mun shekara kafin su ji magana. Ya zana taswirar da rula, ya shafa mata launi. Da hannuna na buga ta, ina ce wa zuciyata ai kyakkyawan mutum ba ya kuskure.

Da aka fara gwaji sai ka ce kwanuka ne suka zubo daga kanta. Injiniya na zaune da yatsa ɗaya yana caka madannai kamar kaza na tsintar gero, kalangun na fitowa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaisuwa ba kirari.

Babbar mai tafiretarmu, wata dattijuwa 'yar wajen Uke da muke kira Madam, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta leƙo ta saman tabarau. "Ke yarinya, wannan Injiniya naki, ita tana kashe mu da ƙara. Ki je ki faɗa mata."

"Ni me na sani a kiɗa, Madam?"

"Ba ki sani ba? To wannan hannu naki da yake kiɗa a kan tebur tun safe, na wane ne?"

Na ɓoye hannun a cinya. Kwana uku ina daurewa. Ba don minista ba, ba don ofis ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne jin kalangu ya zama bebe. A gidanmu kalangu magana yake yi, da shi mahaifina kan kira ni daga ɗaki ba tare da ya buɗe baki ba.

Rana ta huɗu bayan azahar na same shi shi kaɗai. "Injiniya, in yi magana?"

"Bismillah, Malama." Ya yi murmushin nan da ya sa na manta rabin abin da na shirya.

Na ce masa ba a kaɗa kalangu da hannu ɗaya. Dama ce ke riƙe gula tana duka, hagu da hammata suna matse tsarkiya suna saki, kuma muryar tana hawa tana sauka ne bayan dukan ya riga ya sauka, tun sautin bai mutu ba. Saboda haka a kawo shi layin tsakiya inda yatsu ke hutawa. A ba dama madannai biyu maƙwabta, sauti ɗaya, don yatsu biyu su riƙa karɓa wa juna. Hagu kada ta yi duka ko kaɗan: in ta danne murya ta hau, in ta saki ta sauko. Dogon madannin nan na babban yatsa a ba babbar ganga, ta riƙe ƙasa.

"Tambari fa?"

"Ya koma gefe. Sau nawa ake buga shi?"

Ya yi dariya irin wadda ake yi wa yaro, amma ya juya ya yi 'yan rubuce-rubucensa. Bai fi minti ashirin ba ya tura mini kujera. Na ɗora yatsuna inda suka saba zama shekara da shekaru, na rufe ido, na kaɗa taken sarkin fawan garinmu. Lasifikar 'yar ƙarama ce, sautin kamar daga cikin tulu, amma ya yi magana. Da na buɗe ido ƙofa ta cika da mutane, Madam ta cire takalmi tana juyi da fayil a hannu.

Da suka watse ya dube ni, kallon da na yi wata biyu ina jira. "A ina kika koyi wannan?"

Na san wannan shafin. Nan ne yarinya ke sunkuyar da kai ta faɗi asalinta, saurayi ya ce da ita so ba ruwansa da asali. Na karanta shi ya fi sau ɗari tsakanin Nyanya da gari. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Mahaifina makaɗin kalangu ne."

"Kai! Ashe gado ne." Ya tafa hannu. "Shi ya sa. Jini ba ya ƙarya." Ya ja kujerarsa baya kaɗan, ɗan taƙi ɗaya, wai yana neman biro. Daga ranar ban sake jin "Malama" a bakinsa ba.

Tsarin nawa bai kwana ba. Injiniya ya ce Darakta ba zai lamunci kalangu ya hau layin tsakiya ya ture tambari ba, kuma an riga an sa hannu a bayanin taro. Ranar da minista ya zo aka nuna masa lamba ɗaya, ya danna da yatsa, tambari ya ce dum, aka yi tafi kamar an haƙo rijiyar mai. Aka lulluɓe kwamfutar da leda.

Bayan mako biyu Injiniya ya tsaya a teburina da takarda a hannu. Jerin sunayen waɗanda zai gayyata bikinsa ne, yana so a buga masa da tsabta. Amaryar 'yar wani babban sakatare ce.

"Af, kuma 'yar gado," ya ce, har da kashe ido, "ki ce wa tsohon naki ya zo ya ɗan taɓa mana ranar kamu. Za a ba su wuri a bakin ƙofa."

Na dubi sajen da shaddar, na ga a karon farko mutumin da ya yi zama uku yana auna girman kotso da jauje.

Na ce, "Injiniya, mahaifina ba ya kaɗa wa mutum sai ya san takensa. Mahauci yana da take, manomi yana da shi, ɗan dambe ma haka, don kowannensu akwai abin da hannunsa ya iya. In ya tambaye ni naka, me zan ce masa?"

Madam ta yi tari a bayan tabarau.

Na miƙa masa takardarsa, na ce akwai wasiƙun Darakta guda tara a gabana, ya gwada bugawa da kansa.