Na Kai Zabi Dutse Saboda Kundin Auta

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan labarin nan ni ne. Gara ku ji daga bakina.

Autata tana digiri na biyu a jami'a a Dutse, tana rubuta kundin bincike da Turanci a kan burtalin shanu na yankinmu na Jahun. Duk zuwanta gida a rame take, idanu sun faɗa. Malamar da ke duba aikin ta yi ta dawo mata da babi ɗaya, jan biro ko'ina kamar an yi yanka a kai. Idan ba a sa hannu kafin ƙarshen zangon nan ba, shekara ta tafi a banza.

Ni dai bokona a aji huɗu ya tsaya, amma na san ƙiyayya idan na gan ta. Na ce wannan ba matsalar Turanci ba ce, yarinya ta yi wa manya laifi ne, sai dattijo ya je ban haƙuri. Ban shawarci kowa ba. Na kama zabin uwargida guda biyu tana barci.

Mun tashi da asuba ni da wani aminina, shi ne zai riƙe zabin. A tasha aka cusa mu a ƙaramar mota, gwiwata a haƙarƙarin wani mai buhun riɗi. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, direba ya ce in je in tambayi mai sayar da fetur. Gero ya yi kyau hagu da dama, amma ban more kallo ba, don kowane rami sai ƙuguna ya amsa. A Kiyawa muka sha koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai ka sa tabarau. Duwatsun Dutse na bayyana, zabin suka soma kuka, mota duka ta san da mu.

Muka sauka gidan ƙanwata, inda Auta ke zama. Na same ta a tabarma, kwamfuta a cinya, takardu sun kewaye ta. Ta nuna mini yadda abin yake. A irin rubutun nan ba ka isa ka ce damina na kawo ciyawa ba sai ka kawo sunan wanda ya riga ka faɗa, da shekarar da ya faɗa. Ta yi tunani da Hausa, wani sa'in da Fulatanci, sannan ta zauna ta yi ta juya shi zuwa Turanci har kanta ya yi ciwo. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta dafe goshi.

"Baffa, don Allah kar ka je."

Na je. Ta bi mu a adaidaita sahu har ƙofar ofis.

Malamar ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta kalli zabin, ta ce a mayar da su waje, ba ta karɓa. Na gyara babbar riga na soma jawabin da na shirya tun daga Jahun. Ta bari na gama.

"Baba, ba ta yi mini laifi ba. Turancinta ma ya gyaru sosai. Hujja ce babu. Ta rubuta inda burtali ya bi a da, na tambaye ta wa ya faɗa. Ta ce akwai wani dattijo da ya fi kowa sani, amma ya ƙi zama a naɗi muryarsa. Wai shi ba ɗan rediyo ba ne."

Na ce, "Wane irin tsoho ne wannan marar tausayi? A faɗa mini garinsu, yau ni da shi."

Aminina ya yi tari. Auta ta zuba wa silin ido. A nan na tuna sau nawa ta zo da waya tun bazara tana cewa, "Baffa, ko rabin awa ne," ina ce mata ranar kasuwa ce, ko bayana na ciwo, ko ni ba ɗan rediyo ba ne.

Malamar ta turo mini kujera kusa da tebur, ta ce, "Ga shi Allah ya kawo mana shi."

Daga hantsi har la'asar ina magana. Wace shekara? Zamanin wane hakimi? Ka gani da idonka ko ji ka yi? Abin da nake faɗa a majalisa da ƙarfin murya, a nan sai na ji ina cewa "wataƙila". Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gumi ya jiƙa hulata. Auta kuwa aikinta bai ma soma ba, don duk surutun nan sai ta mayar da shi Turanci. Amma na ga ta yi murmushi, rabon da in ga haka an daɗe.

Da muka koma gidan ƙanwata, ta ɗauka zabin tsaraba ce. Ba zan ɓoye ba, da shinkafa sun yi daɗi.

Washegari muka juyo, jikina kamar an daka. Na zauna a tsakar gida ina bayyana wa uwargida darasin tafiya, cewa ilmin zamani hujja yake so, kuma ba don na tashi tsaye ba da yarinyar nan ta rasa shekara. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, hirar da aka roƙe ka a kan tabarmar nan ka ƙi, ita ka je ka yi a Dutse. Tunda ka koyo kawo hujja, faɗa mini wa ya ci zabina, kuma wace rana."