Ciyawar Tabki a Inda Gadona Yake

Ni mutum ne mai gaggawa, duk Dogarawa an shaide ni. Shekarar da na ƙudura barin gidanmu na gado, zama ma gagarata yake. Ɗaki guda, ni da mai ɗakina da yara huɗu, in ka juya sai ka taka ƙafar wani. Ranar da kawuna ya ba ni fili a bayan gari, baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya duk ta tsattsage, washegari na kira magini. So nake mu tare kafin damina.

Inna ta zo gani, tana dogara sanda. Ko kallon igiyar awo ba ta yi ba, sai ta tsuguna tana tonon tsagar ƙasa da yatsa. Ta ciro wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri, ba su kai wake ba, ta zuba mini a tafin hannu. Ta ce na ciyawar tabki ne, mai ganye huɗu ɗin nan da ke kwanciya bisa ruwa. Ba ta fure, ba ta fita a tudu, kuma ƙwayarta kan yi shekaru cikin busasshiyar laka tana jira.

"Inda ka ga wannan, ruwa ya taɓa zama, kuma zai dawo," in ji ta.

Raina ya ɓaci. Na ce haba Inna, rabon wurin nan da ruwa tun kafin in yi aure. Na watsar da ƙwayoyin, na ce magini ya ci gaba. Kullum ina bisa kabu-kabu tsakanin Konni da fili, yau kwano, gobe ƙofa, ina faɗa da kowa.

Muka tare. Damina biyu lafiya lau, har ina tsokanar Inna ko in sayo kwale-kwale. A ta uku ruwa ya gangaro ya zauna, ya ƙi tafiya. Bango ya jiƙa ya zube, muka kwashe yara da tabarmi muka koma ɗakin nan guda.

Bayan 'yan makonni na je in ga abin da zan iya tsira da shi. Na naɗe wando na shiga, ruwa iya ƙwauri. Daidai inda gadonmu yake, ciyawar ta rufe ruwan, kore shar, kowace da ganyenta huɗu. Wallahi kyau gare ta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na tsinko ɗaya na kai wa Inna, na kasa haɗa ido da ita. Ta karɓa ta ajiye a gefe. Sannan ta ja tabarmarta jikin bango, ta ce in turo yara biyu su riƙa kwana wurinta.