Ranar da Na Share Muryar Kaka

Bari in faɗi wautata da bakina kafin ƙanwata Habsu ta riga ni, don ita idan ta ba da labarin sai ta ƙara masa gishiri har ya ƙi ciyuwa. Wata Litinin ce a tsakiyar damina, cikin hutun shekarar da na gama aji na biyu a CEG, ƙaramar sakandaren Dogon Dutsi, ina da shekara goma sha uku da kai mai girman tulu. An yi ruwa da asuba har Baba ya ce yau ba zuwa gona, kuran kuma, wutar lantarkinmu ke nan, ya yi abin da bai saba ba, wato ya zauna bai tafi ko'ina ba. Na soka kile, ɗan abin nan da ake kwafar kayan kwamfuta a ciki, a jikin ordinatar ɗin gidanmu, na ja duk abin da ke kan ekaran, wato fuskarta, na jefa cikin kilen, kafin in ƙifta ido aka ce an gama. Kayan shekara huɗu, hotuna da takardu da muryoyin mutane, sun shige cikin daƙiƙa biyu. Mai hankali zai tsaya ya ce anya. Ni kuwa na miƙe na taka rawa, na leƙa tsakar gida na shaida wa awaki cewa Allah ya ba gidan nan injiniya.

Ordinatar ɗin nan, kwamfuta idan ka fi gane haka, Baba ne ya sayo ta tsohuwa daga Yamai don rubuta takardun aikinsa na allurar dabbobi. Ƙatuwar akwati ce mai ƙugi kamar injin niƙa, tana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure, an lulluɓe ta da tsohon zanen Inna. Ba a daɗe ba ta zama rumbun unguwa. Katin wayar mutanenmu ƙarami ne, da ya cika sai a kawo gidanmu a ce a zuba, a share katin, mai shi ya koma da abinsa wayam yana murna. Ba wanda ya taɓa tunanin ajiye abu wuri biyu, tunda ga rumbu. Hotunan suna, hotunan biki, wa'azi, har hotunan shanun wani abokin Baba makiyayi daga Dogon Kiriya, duk suna ciki. Kowane kati kuma yana zuwa da tsarabarsa ta birus, cutar nan ta kwamfuta, har Windows ɗin da ke ciki ta koma kamar tsohon jaki a yashi. Idan na kunna ta da safe, sai in je rijiya in dawo, in yanko wa tumaki haki, in sha fura, in buga langa biyu da yaran layinmu, in tarar tana nan tana tunanin ko za ta tashi.

Cikin duk tarkacen nan akwai abu ɗaya da ba tarkace ba. Kaka, mahaifiyar Inna, ƴar Kiyeshe ce, kowace shekara bayan an ɗaure gero takan zo ta yi mana wata guda. Ni ne angonta, kuma ba ta taɓa raga mini ba. "Wanga miji nau ko kwabo bai da shi, sai kunnuwa kamar faifai," haka take gabatar da ni ga baƙi. Ni kuma in ce na sake ta saki uku, in ɗauke goronta in ruga. A zuwanta na ƙarshe, wata la'asar tana daka tana waƙa, ɗan kawuna Mamman ya naɗe ta da wayarsa ba ta sani ba. Waƙar daka ce irin tasu ta da, tana kiran sunayen iyayenta mata ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da aka kai su aure, da rijiyoyin da suka ja ruwa. A tsakiyar waƙar ana jin taɓarya ta tsaya, tana cewa, "Ango, aje gumbar nan, ina ganin ka," sannan dariyarta, sannan dakan ya ci gaba. Minti bakwai ne duka. Da bazara ta zagayo Kaka ta rasu. Mamman ya riga ya zuba katinsa a wurinmu ya share, kamar kowa.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka raɗa shi. Ni ne "kai", ni ne "wancan", idan na yi abin kirki kuma ni ne ba kowa, don ba ta yabon ɗan fari a gaban mutane. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma haka ta riƙe kukan uwarta, a ciki. Sai dai kowace Juma'a da hantsi, bayan an yi shara, takan aiko Habsu. "Inna ta ce a ce ma wancan shi kunna tsohuwa." Ba ta shiga ɗakin. Takan zauna a bakin ƙofa ta waje da faifai tana bakace, kamar dai wurin ne iska ta fi kyau, har minti bakwai ɗin su ƙare, ta tattara tsabarta ta koma madafa. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni, ranar kasuwa ce, abokaina suna can suna kallon masu sayar da magani, ni ina nan ina jiran akwati ta farka.

Mushe Abdu, malaminmu na lissafi (Mushe muke ce wa malaman boko, irin na Faransanci), shi ya nuna mana wata hanya. Yana da ƙaramar ordinatar da ba ta taɓa ciwo ba, ya ce abin da ke tafiyar da ita sunansa Linux. Kyauta ne, ba sata ba, kowa yana da izinin ya kwafa ya ba wani, wanda ya iya kuma ya buɗe cikinsa ya gyara, sannan birus ɗin da ke yawo a kilolinmu ba su da haƙoran cizonsa. Idan ya fara wannan magana sai ya manta da alli a hannunsa, mu kuma mu yi ta tambaya don kada a koma ga lissafi. Ni dai da gaske na kamu. Ranar da aka ba da hutu na bi shi har bakin babur ɗinsa ina roƙo, ya ba ni aron kilen da ake sa Linux da shi. Ya ce, "Ka kwashe kayanku tukuna a wani kile. In ka kwashe, ka tahi wurin wata ordinatar ka buɗe su ɗaya ɗaya ka gani da idonka." Sau uku ya faɗa. Rabin farko na ji, rabin na biyu ya tarar na riga na fara tunanin irin kallon da za a yi mini a unguwa. Baba kuma da na nemi izini cewa ya yi in na lalata masa ita, ni da ita za mu kwana a waje.

To, ranar Litinin ɗin nan, bayan rawar da na taka, na soka kilen Mushe. Aka ba ni zaɓi biyu da Faransanci mai sauƙi wanda na gane sarai, ba zan yi wa harshe sharri ba: ko a ajiye sabon kusa da tsohon, ko a share komai a zuba sabon. Na zaɓi a share komai, don ko warin birus ba na so ya saura. Kafin azahar an gama. Akwatin da ke nishi ta tashi tsaye kamar ɗan maraƙi, ina taɓa abu yana buɗewa. Kwana uku ban san inda ƙafata take taka ba. A gona ina noma ina ba gero labari. Na gayyato duk wani yaro mai kile daga layinmu har bakin tasha, na ce kowa ya soka nasa, mu ga birus ɗin da ya isa. Muka zuba bidiyon kokawa da na ƙwallo har ordinatar ta ce cikinta ya kusa cika. Kilen da na kwashe kayan gida kuwa yana aljihuna, ban ko dube shi ba. Ai yana nan.

Juma'a da hantsi Habsu ta leƙo da saƙonta na kullum. Na ce ta ce wa Inna yau ba jira, ta zo ta ga aikin injiniya. Na ji Inna ta zauna a bakin ƙofa, na ji faifai ya fara. Na soka kilena, ga sunan nan, Kaka, na danna. Ba abin da ya buɗe. Na sake dannawa. Na danna Hotuna, na danna Takardun Baba, duk shiru. Sai a lokacin na lura kowannensu bai kai nauyin ƙwayar gero ba, na kuma tuna da wata ƴar kibiya da na saba gani a gefen kowane ɗaya a kan tsohon ekaran, wadda ban taɓa tambayar amfaninta ba. Abubuwan da na kwashe ba su ne kayan ba. Alamu ne kawai masu nuna hanya zuwa inda kayan suke can cikin akwatin, wurin da na ce a share. Na kwashe allunan da ke nuna hanyar gari, na sa wa garin wuta.

A waje faifai yana ta aikinsa. Na daɗe ina kallon ekaran, ina fatan kuran ya ɗauke ya cece ni, amma ranar ma ya zauna daram. Na kira Habsu a hankali na ce ta ce wa Inna tsohuwa ta goge. Taku uku ne tsakanina da Inna, tana jin kowace kalma, amma ta jira har Habsu ta fita ta maimaita. Ta ce, "To." Ta ƙarasa bakacenta, ta tattara, ta tafi.

Washegari Mushe Abdu ya zo da babur ɗinsa da wani kilen daban, ya ce wani lokaci abin da aka share yana nan kwance, ana iya tono shi, muddin ba a zuba wani abu a kansa ba. Ya tambaye ni, "Tun ranar, mi ka zuba ciki?" Na nuna masa kokawar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya soka kilensa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun hantsi har bayan la'asar ordinatar tana tono. Abin da ta tono kuwa, Allah ya gani: shanun makiyayin Dogon Kiriya sun dawo lafiya lau har da ƙahonninsu, rabin wani wa'azi ya dawo, sai fuskata. Hotunan da na riƙa ɗaukar kaina da wayar Baba ina gwalo, ina murguɗa baki, ina sanye da hularsa, sun dawo kaf, sun fi ɗari, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Muka saurari duk wata murya da ta fito, ɗaya bayan ɗaya. Babu Kaka.

Ban haƙura ba. Na sayar da zakarana na hau kabu-kabu zuwa Kiyeshe wurin Mamman, wanda a lokacin ya buɗe shagon caji, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando. Ya karɓe ni da kyau, ya sayo mini kopto, kwaɗon zogalen nan. Katin kuwa ya ce an zuba masa abu an share ya fi sau ashirin, daga baya ma ya ɓace da wayar gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa waƙar ma akwai sunayen doguwa, aljanar ƴan bori, a ciki, mamaci addu'a yake buƙata, ba a yi ta kunna shi ba. Ban musa masa batun addu'a ba. Amma ba don Kaka ake kunnawa ba, don Inna ne, kuma ban san yadda zan faɗa masa haka ba, sai na cinye kopton na dawo.

Baba ya yi mini bulala biyar saboda takardunsa, kafin magariba mun shirya. Matan unguwa sun yi mako guda suna tsine wa injiniya saboda hotunan biki, sannan suka sami wani abin magana. Inna kuwa ba ta rage mini tuwo ba, ba ta ɗaure mini fuska ba. Sai wata ranar da muka rage mu biyu a gona muna tsinkar wake, na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ki yi waƙar in naɗa, ai ke ma kin iya." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban riƙe ba. Na ga tana nan cikin akwati, sai ban riƙe ba." Ta ci gaba da tsinka. Sunaye uku na farko kawai take tunawa, Habsu ta riƙe amshin, ni kuma abin da ya saura a kaina shi ne wurin da ake zagina.

Yanzu shekarata goma sha bakwai. Ordinatar ɗin tana nan da Linux ɗinta, ba ta sake ciwo ba ko sau ɗaya, Mushe bai yi ƙarya ba. Na sa wa mutane da yawa shi a garin nan, kuma sun san ni da cin rai, don ba na danna komai sai na buɗe kayansu ɗaya ɗaya a gabansu, ko da za su yi barci a kan kujera. Da can gidanmu yana da Juma'ar da tsohuwa ke daka a cikinsa, ni ina ƙosawa ta gama. Yanzu ɗakin shiru, akwatin tana tashi cikin rabin minti, ba mai jiran ta a bakin ƙofa. Bara na naɗi Inna ba ta sani ba, tana yi wa Habsu faɗa a kan tukunyar da ta ƙone, na ajiye shi wuri huɗu. Muryar Kaka kuwa ba a same ta ba, har yau.