Ranar da na cinye binciken oga a fanke

Shekarun baya can, wajen ƙarshen saba'inoni, ina aiki a wani ɗakin bincike a Jos. Ogana wani dakta ne da ya shekara uku yana kiwon wani yis na musamman, mai yin ja idan ya tsiro. Wai kowace ƙwayar yis tana da cibiya mai 'yan ƙofofi, shi kuma so yake ya gano yadda ƙofofin ke ginuwa. Ni dai nawa wanke kwalabe da "to, oga".

Wata Juma'a ya yi tafiya, sai firjinmu ya mutu, ga shi kwalba ɗaya tak ce ke ɗauke da yis ɗin. Ni sarkin dabara na kawo ta gidanmu a unguwar Ali Kazaure, na tura gindin randar mahaifiyata don sanyi, ban gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi da hantsi na tarar da kwalbar an wanke tas, an kife.

"Inna, ina abin da ke ciki?"

"Yis ɗin? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Fanken jiya ai kai ka ci biyar."

Wallahi sai ga ni zaune a ƙasa. Wahalar mutum ta shekara uku na kora da shayi, har ina santi! Na ce shi ke nan, aikina ya tafi.

Da na yi mata bayani sai ta ce, "Yo shi ne kake gumi a sanyin Jos? Wace mace ce ke soye ƙullunta kaf?" Ta janyo 'yar ƙwarya mai ragowar da take bari don tayar da ƙullun gobe.

Ran Litinin da oga ya dawo na miƙa masa ƙwaryar, na faɗa masa abin da ya faru. Ya lakata ya shafa a farantin gwaji. Kwana uku muna jira. A na huɗu ya ɗaga farantin, ga ɗige-ɗige jajaye sun tsiro. Ya ce, "Ka gaida Inna, ka ce ta fi firjin."

Har yau in na ji ƙamshin fanke sai na sauke ajiyar zuciya, kuma ban ƙara ajiye kome a gida ban faɗa ba. Inna kuwa, har ta koma ga Allah tana gaya wa maƙwabta ita ma ta taɓa aikin bincike.